Samanja Mazan Fama: Rayuwar Usman Baba Pategi da Matsayin Barikanci a Wasan Kwaikwayo

Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun rayuwar Alhaji Usman Baba Pategi, wanda Hausawan Nijeriya da na Nijar suka fi sani da Samanja Mazan Fama, sa'an nan a duba irin Hausar da ya gina sunansa a kanta. Dalilin kawo shi cikin mujallar nazarin harshe shi ne, mutumin ya shafe shekaru masu yawa yana magana da wani nau'in Hausa wanda littattafan makaranta ba su san da zamansa ba, kuma jama'a suka karɓe shi hannu biyu.

An haifi Usman a shekarar 1942 a Pategi, garin Nufawa da ke bakin kogin Kwara, cikin gidan sarautar Etsu. Watau dai Hausa ba ita ce harshen da ya buɗe baki da shi ba. Ya yi karatun boko a Ilori, daga nan ya wuce Kaduna, inda ya yi aiki a gidan rediyon Jihar Arewa. Kaduna ta wancan zamani gari ne na baƙi. Turawa ne suka kafa ta domin mulki da soja da jirgin ƙasa, saboda haka Hausar titunanta ta kasance ta mahaɗa, wadda Banufe da Bayarabe da Bagwari da mutumin Filato ke ciniki da ita. A cikin shekarun 1960 ya shiga soja, ya kuma bar aikin a 1985.

Kafin a fahimci abin da ya yi da wannan aiki, wajibi ne a koma baya kaɗan. Tun daga 1897, lokacin da Ingila ta ɗora wa Lugga alhakin kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma, Hausa ta zama harshen bariki. Kuratan da aka ɗauka daga ƙabilu daban-daban da ita suke fahimtar juna, hafsoshi Turawa ma sai da aka sa su koyon ta. Da wannan Hausa aka tafi yaƙin Kamaru a 1914, da ita aka tafi Bama a yaƙin duniya na biyu. Daga nan ne kalmomi irin su soja da kofur da saje da hafsa da fareti da bariki suka shigo, har da kalmar samanja kanta, wadda aka aro daga sunan wani muƙamin soja na Ingilishi. Nau'in maganar da ya tsiro a wannan wuri shi ake kira Barikanci. Alamominsa sanannu ne: ba a rarrabe jinsi, sai a ji an ce mace ya zo, baƙaƙe masu lanƙwasa sukan faɗi, ƙarfe ya koma karfe, ɗaki ya koma daki, tsawon wasali da karin sauti sukan rikice, ga kuma kalmomin Ingilishi birjik.

Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar daga mutum wajen dubu goma zuwa kimanin dubu ɗari biyu da hamsin. Bayan yaƙi sai ya zamana babu garin da ba a ganin soja, a kasuwa, a tashar mota, a gidan haya, kuma ba kullum ake rabuwa lafiya tsakaninsu da farar hula ba. Mulki ma a hannunsu yake, daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. A cikin wannan hali ne shirin Samanja Mazan Fama ya yi tashe a rediyo da talabijin na Kaduna. Samanja mutum ne mai tsawa da zare ido, mai son a bi doka sau da ƙafa, wanda ke tafiyar da gidansa kamar filin fareti, amma sau da yawa lamarin duniya ya fi ƙarfin odarsa. Talaka ya sami damar yi wa kaki dariya a fili, sojan kuwa bai ji haushi ba, domin mai wasan nasu ne, ya ci tuwon bariki, ya san inda ake tsayawa. Da wani farar hula ne ya gwada haka a wancan lokaci, da wuya a ƙyale shi.

Gwanintarsa a harshe take. Cikin jimla guda yakan tashi daga Hausa ya faɗa Ingilishi, ya ratsa ta Buroka, ya komo, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Mai sauraro da bai san Ingilishi ba ba ya ɓata, don kuwa muryar da fuskar sun riga sun gaya masa ma'ana. Kuskure ne a ɗauka cewa wannan rashin iya Hausa ne. Ɓata magana da gangan, a daidai gurbin da zai ba da dariya, sai wanda ya san daidai ɗin.

Wannan salo yana da saiwa a gargajiya. Wasan gauta na matan fada, da kalankuwa ta samarin ƙauye, da wasan kara na Damagaram, duk kwaikwayon masu iko ne a gaban jama'a, kuma ƴan kama sun daɗe suna kwaikwayon maganar malamai da ta baƙi. Abin da rediyo ya ƙara shi ne dawwamar da ɗan wasa cikin riga ɗaya mako bayan mako, har sunan wasa ya haɗiye na yanka. Haka ya faru ga Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da shirin Karambana. Haka kuma ga Rabilu Musa, wanda ya rasu a 2014, da sunan Ibro, bayan da finafinan bidiyo suka kankama a Kano daga 1990.

Muryar Kaduna ba ta tsaya a kan iyaka ba. A Madawa da Buza da Keita, ƙasar da samarinta suka saba tafiya ci-rani Nijeriya da zarar an kawar da amfanin gona, sauraron rediyon Kaduna tsohuwar al'ada ce. Mutumin Adar yana da nasa sojan da zai auna Samanja da shi, musamman bayan 15 ga Afrilu 1974 da Seyni Kountché ya karɓi mulki, sai dai nasa da Faransanci yake gauraya Hausa: ajidan da kumandan maimakon samanja da kwamanda. A zamanin Samariya wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa ƙwarai a Nijar, inda irin su Yazi Dogo suka yi suna, kuma Janet Beik ta fitar da littafi a kansa a 1987. Ita da Graham Furniss, wanda ya tattauna Samanja cikin littafinsa na 1996, sun nuna abu guda: ƴan wasan sukan shirya ƙashin labari ne kawai, maganar kuwa a bakinsu take fitowa nan take.

A nan matsalar masu tsara yaƙi da jahilci take. Wasannin da suka fara a rediyo suka koma littafi, irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, sun shiga aji domin Hausarsu ta zauna cikin ƙa'idojin rubutu. Ta Samanja ba ta zama. In an gyara ta zuwa Daidaitacciyar Hausa, dariyar ta mutu. In an rubuta ta yadda ya furta, an miƙa wa sabon ɗalibi daki a wurin ɗaki, alhali malaminsa na fama da shi a kan lanƙwasa. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun daidaita haruffa, amma ba su tanadi hanyar nuna maganar ɗan wasan da ke karya ƙa'ida da gangan ba.

Akwai kuma haɗarin gwama abu biyu da ba ɗaya ba ne. Ɗalibin Keita da ya ce tahi ko hwari karin harshensa yake yi, Adaranci, mai cikakken nahawu da dogon tarihi; jinsi da jam'i da karin sauti duk suna nan daram. Barikanci kuwa ragaggen harshe ne na masu koyo da girma. Malamin da ya sa wa su biyun jan biro iri ɗaya ya zalunci na farko. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ajiye irin maganar Samanja ga waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa, a rubuta ta yadda take cikin alamar zance, a sa su da kansu su gano inda ta kauce.

Usman Baba Pategi ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba 2023, yana da shekara 81. Abin da ya bari yana cikin faya-fayan rediyo da talabijin, kuma fayafayi na lalacewa. Aikin da ke jiran masu bincike shi ne a tattara waɗanda suka saura, a juye su a takarda da alamun tsawon wasali da karin sauti, domin kaɗan ne daga cikin Barikancin sojan bayan yaƙin basasa aka taɓa ɗauka a na'ura da yawa haka daga bakin mutum guda.