Yadda Ingilishi Ya Shiga Aikin Jakadanci: Tarihin Waɗansu Kalmomi

1. Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatunsa da Faransanci, in ya buɗe takardar jakadanci da aka rubuta da Ingilishi, zai tarar da kalmomin da ya saba da su, irin su attaché, communiqué da démarche. A wannan ƙasida za mu bi sawun tarihin da ya haifar da hakan, mu kuma nuna cewa wannan kamanni, da ake ɗauka sauƙi ne, shi ne babban tarkon ma'aikacin jakadanci.

2. Daga Latin zuwa Ingilishi

Har cikin ƙarni na 17, da Latin sarakunan Turai suke rubuta yawancin yarjejeniyoyinsu. Masana tarihi kan ɗauki yarjejeniyar Rastatt ta 1714, tsakanin Faransa da Ostiriya, a matsayin mafarin rinjayen Faransanci. Da shi aka yi taron Viyana na 1815, inda aka tsara darajojin wakilan ƙasashe.

Ingila ce ta fara ja da baya. A 1800 Lord Grenville, ministan harkokin waje, ya soma rubuta wa jakadun da ke Landan da Ingilishi. Amma sai a 1919 al'amarin ya juya, lokacin da Wilson na Amurka da Lloyd George na Ingila suka samu aka rubuta yarjejeniyar Versailles da harsunan biyu, kowane da ƙarfin doka ɗaya. A 1946 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauke su a matsayin harsunan aikinta.

Sai dai Ingilishi ya shiga gidan ne ya tarar da kaya a jere, bai kuwa fitar da su ba. Matanin Ingilishi na yarjejeniyar Viyana ta 1961, wadda ta tsara hulɗar jakadanci, ya bar agrément a sashe na 4, wato amincewar da ƙasa take bayarwa kafin a turo mata jakada. Ya bar persona non grata ta Latin a sashe na 9, da chargé d'affaires a sashe na 14.

3. Inda kama ba ta zama wane ba

Misali na farko shi ne High Commissioner. Muƙamin ya samo asali a 1880, da Kanada ta naɗa Alexander Galt wakilinta a Landan. Ƙasashen da sarki ɗaya yake mulka ba su musayar jakadu. Ƙasashen Commonwealth sun riƙe sunan, shi ya sa wakilin Nijeriya a Accra High Commissioner ne, na Yamai kuwa Ambassador, alhali darajarsu ɗaya. Amma a kunnen ɗan Nijar, haut-commissaire shi ne laƙabin gwamna janar na Dakar a ƙarshen mulkin mallaka. Mai fassara kalma da kalma zai mai da jakada mai mulki.

Na biyu ya fi nauyi. Ƙuduri mai lamba 242 na Kwamitin Sulhu, na 22 ga Nuwamba 1967, ya nemi Isra'ila ta janye "from territories occupied". Faransanci ya ce "des territoires occupés". Ingilishi bai sa harafin tantancewa ba, don haka waɗansu suka fahimci wani ɓangare na yankunan, waɗansu kuma, bisa Faransanci, suka ce dukkansu. An shafe shekaru fiye da 50 ana wannan gardama.

Haka abin yake a wasiƙun yau da kullum: demander roƙo ne, to demand kuwa neman tilas ne.

Hausa ma ba ta tsira ba. Ambasada, da Hausar Nijeriya ta aro daga Ingilishi, mutum ne. Ambassade ta Faransanci kuwa ofishi ne. Kalmar jakada, wadda fadojin ƙasar Hausa suka sani tun kafin zuwan Turawa, ta raba gardama: ga jakada, ga ofishin jakadanci.

4. Kammalawa

Jerin kalmomi mai layi biyu ba ya isar ɗalibin da zai yi aiki a Abuja, Accra ko New York. Shawararmu ita ce a koyar da kowace kalma tare da tarihinta da matanin da ta fito a ciki, a kuma tanadi ƙaramin ƙamus na Hausa, Faransanci da Ingilishi wanda zai nuna inda ma'anoni suka rabu.