Aikin Gayya a Ƙasar Hausa: Tarihin Wata Al'ada ta Tanadi da Agaji

Gayya, kamar yadda Hausawa suka san ta tun zamanin kaka da kakanni, ita ce taruwar jama'a domin su yi wa mutum ɗaya ko gari baki ɗaya wani aiki da ya fi ƙarfin gida guda, ba tare da an yanka wa kowa ladan aikinsa ba. Sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin kirki da son zumunci kawai, alhali idan aka bi tarihinta za a ga cewa tsari ne na tanadi, wanda ya ba talaka damar ajiye ƙarfinsa a hannun maƙwabtansa kamar yadda yake ajiye hatsi a rumbu, domin ya karɓe shi ranar da buƙata ta taso.

Gona ita ce mahaifar gayya, domin damina a ƙasar Hausa gajeriya ce, kuma idan ciyawa ta rufe shuka a makonnin farko, to amfanin shekara ya tafi. Magidancin da noman fari ko maimai ya sha masa kai yakan je wurin sarkin noma ko sarkin samari, wato shugaban matasan gari, ya kai goron gayyata, a tsayar da rana. Da sassafe samari sukan jeru a bakin gona kowa da garmarsa ko hauyarsa, makaɗa na biye da su da gangar noma suna kiran taken kowane gwarzo, har mutum ya kai ƙarshen kunyarsa ya juyo ya kama wata ba tare da ya miƙe ba, yayin da matan gida suke fama da dakan fura da tuƙin tuwon da za a kai gona. Abincin nan da goro su ne iyakar abin da mai gona yake kashewa a fili, amma akwai bashin da ya hau kansa wanda kowa yake riƙe da lissafinsa a ka, domin wanda aka nome wa gona, sa'an nan aka neme shi a gayyar wani ya noƙe, ya san cewa ranar tasa gayyar daga shi sai 'ya'yansa. A kan wannan ƙa'ida ce ake nome gonar mara lafiya da ta tsoho da ta marayu, kuma saurayi mai neman aure yakan kwashi abokansa su yi wa surukinsa noma.

Daga gona al'adar ta shigo cikin gari, inda ta zama hanyar shirya wa masifa tun kafin ta auku. Da bazara, kafin saukar ruwan farko, ake yaɓen katangu da soraye, a gyara indararo, wato bututun da ke zubar da ruwan rufi nesa da bango, a kuma yashe rijiyoyi. Ɗora jinka, wato rufin ciyawa da ake ɗaurewa a ƙasa sa'an nan a ɗaga shi gaba ɗaya a aza bisa ɗaki, aiki ne da sai mutane da dama sun kewaye shi, kuma daga nan aka samo karin maganar da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lokacin hunturu kuwa, sa'ad da iska ke kaɗawa kuma dangogin kara suka bushe ƙayau, gobara ita ce babbar abokiyar gaba, kuma da zarar an yi kururuwa babu mai jiran a gayyace shi: wasu su ɗebo ruwa da ƙasa, wasu su rushe dangar da ke tsakanin gidan da ke ci da na maƙwabta domin wuta ta rasa hanya. Bayan an kashe wutar sai gudummawa ta biyo, wannan ya kawo damin gero, wancan ya kawo azara ko tufafi, har gidan ya sake tsayuwa. Musulunci ya ƙara wa wannan ɗabi'a nauyi ta hanyar haƙƙin maƙwabtaka da kuma zakkar hatsi, wadda take kashi ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar.

Sai dai tun da can gayya tana da fuska biyu, domin ban da wadda tsara ke kiran tsara, akwai wadda sarauta ke kira, kuma ita ba a ƙin amsa ta. Ganuwar Kano, wadda tarihin sarakunan birnin ya danganta fara gininta ga Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, da hannun talakawa aka gina ta, kuma da hannunsu ake gyara inda damina ta zubar. Abin da ya sa irin wannan aiki ya karɓu shi ne amfaninsa yana komawa ga waɗanda suka yi shi, tun da ranar da yaƙi ya zo mutanen karkara cikin ganuwar suke fakewa da iyalansu da dabbobinsu. Haka nan ake sa ran mai sarauta da babban manomi su riƙe rumbun tsimi, wato rumbun da ba a buɗewa sai shekarar da abinci ya yanke, su kuma ba da rance ko sadaka daga cikinsa.

Zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20 ya karkatar da wannan ma'auni, domin sun tarar da al'adar da ke tara ɗaruruwan mutane da umarni guda, sai suka bi ta hannun hakimai da dagatai suka ɗebi ma'aikata don share hanyoyi da ɗaukar kaya da shimfiɗa layin dogon da ya iso Kano a 1911, daga baya kuma don haƙar kuza a Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Talaka ya ga aikin da ba ya dawo masa da komai, sai ya kira shi da sunansa na gaskiya, wato aikin tilas. Harajin da ake biya da kuɗi ya sa manomi sayar da hatsin da a da yake tsimi, lamarin da ya ƙara tsananta yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake tunawa da sunan Kakalaba. A ɓangaren Nijar, Faransawa sun tilasta wa ƙauyuka ajiye hatsi a rumbunan da hukuma ke riƙe da ikon buɗe su, sai tanadin da a da yake abin alfahari ya koma abin gudu, kuma ba a soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka ba sai a 1946. A daidai wannan zamani noman gyaɗa da auduga ya yawaita kuɗi a hannun jama'a, mai hali ya gwammace ya ɗauki 'yan ƙodago ya biya su ya huta da bashin gayya, sai gayyar gona ta fara ja da baya.

Bayan samun 'yancin kai gwamnatoci sun yi ƙoƙarin farfaɗo da al'adar daga sama. Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulkin Nijar a 1974 ana tsakiyar farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a yankin Sahel, ya mai da samariya, wato tsohuwar ƙungiyar matasan gari, ta zama tsari na ƙasa baki ɗaya, kuma ta hannunta aka gina azuzuwan makaranta aka share garuruwa, amma ƙarfinta ya ragu bayan rasuwarsa a 1987 saboda ta jingina ga mai mulki. A Najeriya ma tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, wadda ta samo asali daga shirin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin soja a tsakiyar shekarun 1980, takan yi ƙarfi ne gwargwadon tsoron hukuma.

Inda gayya ta sami sabon rai da kanta shi ne cikin unguwannin birane da kuma ƙungiyoyin addini. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962, da Fityanul Islam, da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, duk suna da rundunonin 'yan agaji, wato 'yan sa-kai masu kaki waɗanda ke tsara sahu a filin idi, suna hidimar maniyyata a sansanin alhazai, suna ɗaukar waɗanda haɗarin mota ya ritsa da su, suna kuma taimaka wa majiyyata a asibiti. Ƙungiyoyin matasan unguwa kuwa, idan damina ta ƙarato, sukan fito ranar hutu da shebur da baro, su shiga kwata har gwiwa suna fitar da yashi da leda, dattawa na zaune a gindin bango suna karɓar karo-karon da za a sayi ƙasar cike makabarta ko a gyara famfon burtsatse. Shelar da a da sankira ke yi tana fitowa yanzu daga lasifikar masallaci ko saƙon WhatsApp, amma ƙa'idar ba ta sauya ba, domin har gobe ana lura da gidan da bai turo kowa ba.

Kafa hukumar ba da agajin gaggawa ta Najeriya a 1999 da takwarorinta na jihohi ya kawo kayan aiki da tsarin da unguwa ba za ta iya samarwa ba, kuma manyan masifu irin ambaliyar 2012 da ta 2022, ko gobarar da ta cinye kasuwar Sabon Gari a Kano a 2016, sun nuna cewa akwai ɓarnar da ta fi ƙarfin gayya. Duk da haka, kafin motar kashe gobara ko kwalekwalen ceto su iso, maƙwabci ne yake sanin ɗakin da tsohuwa take kwance da adadin yaran da ke cikin gida, kuma wannan sani ba a samun sa sai ta hanyar cuɗanyar yau da kullum da aikin haɗin gwiwa ke haifarwa. Abin da tarihin al'adar ya tabbatar shi ne gayya takan yi ƙarfi duk lokacin da mai fitowa ya tabbata cewa za a fito masa, takan kuma mutu duk lokacin da aka mai da ita umarnin da amfaninsa ke tafiya wani wuri. Saboda haka duk hukumar da ke son jama'a su shirya wa ambaliya ko gobara, hanyar da ta fi kusa ita ce ta tarar da masu yashe kwatar unguwa a bakin aikinsu, ta kawo musu motar da za ta kwashe abin da suka fitar kafin ruwan sama ya mayar da shi inda aka ɗebo shi.