Adana Saƙon Imel a Manhaja

Adana saƙon imel shi ne tsarin da manhajar kwamfuta ko ta waya ke bi wajen karɓar saƙo, ta rarrabe sassansa, ta ajiye shi, sannan ta fito da shi duk ranar da aka nema ba tare da ya gurɓace ba. Launi da hotuna da takardun da mai karatu ke gani a fuskar wayarsa ado ne da manhaja ta yi. A ainihinsa imel tsurar rubutu ne, layi bayan layi.

Injiniya Ray Tomlinson na Amurka ne ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a 1971, shi ne kuma ya zaɓi alamar @. A 1982 aka fitar da ƙa'idoji biyu da har yau ake kan turbarsu: RFC 821 ta Jon Postel, mai bayanin yadda ake jigilar saƙo, da RFC 822 ta David Crocker, mai bayanin siffar saƙon kansa. Ta biyun an sabunta ta a 2008 da sunan RFC 5322.

Kowane saƙo yana da kai da jiki, kuma layi ɗaya wanda ba a rubuta komai a cikinsa ba shi ke raba su. A kan saƙo ake samun sunan mai aikawa da na mai karɓa, da kwanan wata, da batu, da wata lamba da ta keɓanta da wannan saƙon kaɗai. Duk sabar da saƙo ya ratsa, wato kwamfutar da ke jigilarsa, takan ƙara layinta a sama, da sunanta da lokacin da ya iso mata. Manhajoji kan ɓoye waɗannan layuka, alhali su ne shaidar hanyar da saƙo ya biyo.

Haruffa masu lanƙwasa

A nan ne batun ya fi shafar mai rubutu da Hausa. Imel na farko da tsarin ASCII aka gina shi, wanda alamomi 128 kawai ya sani, kuma babu ɓ ko ɗ ko ƙ a cikinsu, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Rubutun ajami kuwa ba a ma kawo zancensa. Abubuwa biyu ne suka buɗe ƙofa, duk a 1992. Nathaniel Borenstein da Ned Freed sun fitar da MIME, wanda ya ba saƙo damar bayyana irin haruffan da ke cikinsa da kuma ɗaukar sassa da yawa. Ken Thompson da Rob Pike kuma sun tsara UTF-8, mai iya ɗaukar boko da ajami a saƙo guda.

A UTF-8, harafin ƙ bait biyu yake ci (bait shi ne ma'aunin bayanai a kwamfuta), C6 da 99. Idan za a ratsa da shi ta tsohuwar hanya, manhaja kan rubuta shi =C6=99, sai kalmar "ƙasa" ta yi tafiya a matsayin =C6=99asa, manhajar mai karɓa ta mayar da ita yadda take. Amma idan aka ajiye saƙon aka yar da bayanin irin haruffansa, wata manhaja za ta yi hasashe da tsohon tsarin Windows na harsunan Yammacin Turai, sai ƙ ta fito Æ™, ɗ ta fito É—. Wannan yana gyaruwa, don bait ɗin suna nan. Wanda ba ya gyaruwa shi ne a ajiye alamar tambaya a gurbin harafin. Ɓacin ran irin wannan ne ya sa mutane da yawa suka haƙura da lanƙwasa, suna rubuta "kasa" ko suna nufin ƙasa, suna rubuta "bata" ko suna nufin ɓata. Laifin ba na Hausa ba ne, na mai tsara manhaja ne da bai adana saƙo da cikakken bayaninsa ba.

Takardun da ake liƙawa, hoto ko PDF, ana mayar da su rubutu ta hanyar Base64, inda kowane bait 3 ke zama alama 4. Shi ya sa fayil mai megabait 3 kan kai wajen 4 a cikin saƙo.

Inda saƙo ke kwana

Tsohon tsarin ajiya shi ne mbox: duk saƙonnin akwati a fayil ɗaya, wannan na bin wancan, kamar littafin rajista da magatakarda ke cikawa shafi bayan shafi. Yana da sauƙin kwafa, amma idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, ko manhajoji biyu suka taɓa shi lokaci guda, akwatin duka na iya lalacewa. Daniel Bernstein ya zo da Maildir a tsakiyar shekarun 1990, inda kowane saƙo ke da fayil nasa. Outlook na kamfanin Microsoft yana tara nasa a fayil na PST, saƙo ɗaya kuma ana iya fitar da shi a matsayin EML. Manyan kamfanoni irin su Google da Yahoo a rumbunan bayanai nasu suke ajiya, tare da fihirisa don saurin bincike.

Hanyar ɗauko saƙo ma tana da tasiri. POP kan sauko da shi kan kwamfuta, sau da yawa ya goge na sabar, don haka in kwamfutar ta mutu ko aka sace ta, shi ke nan. IMAP, wanda Mark Crispin ya ƙirƙira a 1986, yana barin saƙo a sabar, waya da kwamfuta su riƙa ganin abu ɗaya. Sai dai abin da aka goge a waya ya gogu ko'ina, saboda haka IMAP ba ya maye gurbin kwafin ajiya.

A Kaduna

Kaduna gari ne da ya tashi da fayil. Tun da ta zama hedikwatar Arewa a 1917, wasiƙun lardunan Kano da Sakkwato da Zariya da sauransu nan suka riƙa taruwa. Yawancinsu suna reshen Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, wasu kuma a Gidan Arewa na titin Rabah, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya zama cibiyar bincike a 1970 a hannun Farfesa Abdullahi Smith. Ɗalibi na iya zama yau ya karanta wasiƙar da wani razdan ya rubuta wa sarki shekara ɗari da suka wuce, da lambar fayil da sa hannu da bayanan gefen takarda.

Wasiƙun wannan zamani ba su da irin wannan gata. Ba baƙon abu ba ne a ga jami'in ofis ko makaranta ko ƙungiya yana aikin hukuma da adireshinsa na kansa. Ranar da ya yi ritaya ko aka yi masa canjin aiki, akwatin ya tafi da shi. Ranar da ya rasu, kalmar sirri ta bi shi. Kamfanin Google ya sanar a 2023 cewa yana iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa ba. Wasu kan buga saƙo a takarda su sa a fayil. Hakan ya fi babu, amma bugun yana zubar da layukan kan saƙo da takardun da aka liƙa.

A Nijeriya doka ta riga ta ba imel matsayi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi bayanin da ya fito daga kwamfuta, muddin an kawo takardar shaidar yadda aka samar da shi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su da kada ya riƙe su fiye da buƙata. Ma'aikatar da ke son cika waɗannan sharuɗɗa sai ta mallaki adireshin kanta, ta ajiye ainihin saƙo da kansa da jikinsa ba tare da taɓa shi ba, ta yi kwafi a wuri na biyu, ta kuma fitar da akwatin kowane ma'aikaci a mbox ko EML kafin ya bar kujera.