Likitar da ta riƙa sauraron zuciyar yara da yatsunta

A shekarar 1930, Edwards Park, shugaban sashen yara na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, ya damƙa wa Helen Taussig ɗakin duba yara masu ciwon zuciya. Ba muƙamin da ake rububinsa ba ne. Yawancin yaran da ake kawowa, zazzaɓin da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro ne ya lalata musu zuciya. Waɗanda aka haifa da nakasar zuciya kuwa, likitoci ba su cika ɓata lokaci a kansu ba, tunda ko an gano matsalar babu abin yi.

Ita kanta da ƙyar ta kai nan. Jami'ar Harvard ta ƙi ba ta damar samun digirin likita saboda mace ce, sai a Johns Hopkins ta kammala a 1927. Tana fara aiki kuma kunnenta ya soma nauyi, abin da zai iya kashe sana'ar likitan zuciya. Sai ta koyi ɗora yatsunta a ƙirjin yaro tana jin yadda bugun ke tafiya. Ta kuma riƙe na'urar haske mai nuna inuwar zuciya tana motsi, tana juya yaro dama da hagu a ɗaki mai duhu. In yaron ya rasu, sai ta gwada abin da ta rubuta da abin da aka gani a cikin zuciyarsa. A haka, shekara da shekaru, ta gane cewa kowace nakasa tana da siffarta.

Waɗanda suka fi tsaya mata a rai su ne jariran da jikinsu ke yin shuɗi saboda jini ba ya isa huhu ya ɗauko iska. A yaro mai duhun fata, a leɓe da harshe da farce ake ganin alamar. Ta lura waɗanda suka fara tafiya, da sun yi 'yan taku sai su tsuguna suna haki. Ta kuma lura da abin da ya fi wannan muhimmanci: akwai wata 'yar jijiya da ke buɗe tun a ciki, wadda ke rufewa bayan haihuwa, kuma da zarar ta rufe sai halin waɗannan jarirai ya taɓarɓare. To me zai hana a yi musu wata hanyar da za ta kai jini huhu?

Ta kai shawarar wurin likitan tiyata Robert Gross a Boston, bai karɓa ba. Alfred Blalock, likitan tiyata na Johns Hopkins, shi ne ya saurare ta. Mataimakinsa Vivien Thomas, baƙar fata da bai samu zuwa makarantar likita ba, shi ya gwada aikin a kan karnuka har ya ƙware. Ranar 29 ga Nuwamba, 1944, aka yi wa wata yarinya 'yar wata 15 tiyatar, aka haɗa jijiyar da ke kai jini hannu da wadda ke kai shi huhu. Thomas na tsaye a bayan Blalock yana nuna masa. Ba a sa sunan Thomas a rahoton tiyatar da aka buga a 1945 ba, kuma wannan zalunci ne. Sai a 1976 Jami'ar Johns Hopkins ta karrama shi da digirin girmamawa.

Daga nan iyaye suka yi ta tururuwa zuwa Baltimore, har daga ƙasashen waje. Nauyin tsara aikin ya faɗo kan Taussig: tantance wanda tiyata za ta yi wa amfani, adana bayanan kowane yaro, horar da matasan likitocin da suka koma garuruwansu suka buɗe irin wannan sashe. Littafinta na 1947 kan nakasar zuciya ta haihuwa ya zama madogarar masu wannan fanni.

A 1962 ta tafi Jamus ta binciki jariran da maganin thalidomide ya nakasa, ta dawo ta gargaɗi Amurka. Ta sauka daga shugabancin sashen a 1963, ta zama mace ta farko da ta shugabanci Ƙungiyar Zuciya ta Amurka a 1965, ta ci gaba da bibiyar lafiyar yaran da aka yi wa tiyata bayan sun girma. Ta rasu a hatsarin mota a 1986.