Masu Tambayar Gobe, Daga Delfi Zuwa Gobarau

Kafin Sarki Kurosus na Lidiya ya yaƙi Farisa, sai da ya aika Delfi neman shawarar bokanyar Girkawa. Aka ce masa zai rusa babbar daula. Ashe tasa ake nufi. A Kano ma, Barbushe kan shiga wurin Tsumburbura, ya fito da labarin shekara.

Zuwan Musulunci bai kashe wannan ƙishirwa ba, sai ta koma cikin tawada da hisabi. Katsinar Gobarau, cibiyar malamai, ita ta fitar da Muhammadu al-Kashnawi, marubuci kan hatimi da ilimin taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Shehu Usmanu ya soki duba matuƙa, amma har yau zauren mai bugun ƙasa kan cika gabanin zaɓe.