Tsufar da Ƙananan Samfuran Roba

Tsufar da samfuri dabara ce ta masu haɗa ƙananan jiragen sama da tankokin yaƙi na roba, irin waɗanda kamfanin Airfix na Ingila da Tamiya na Japan ke ƙerawa. Bayan fenti, akan sa samfurin ya yi kama da wanda ya sha rana, ƙura da tsatsa. Akan tsinka fenti mai duhu ya kwarara cikin tsaguna da kewayen ƙusoshi, sannan a goga mai haske a gefuna da busasshen buroshi. Wasu kan barbaɗa gishiri kafin shafi na biyu, su kankare, fentin ya fito a ɓamɓare. A tankar ma'aunin 1/35 tsatsa kaɗan ta wadatar, sai dai 'yan koyo kan wuce gona da iri.