Kwasakwasa da Madatsun Ruwanmu

'Yan'uwa mazauna birni, da yawanku ba ku taɓa ganin kwasakwasa ba sai a hoto. Tsuntsuwa ce mai zabira a ƙarƙashin baki, cimarta kifi. Mu a ƙasar Dambatta, inda gona ke jingine da gona, shamuwa da balbela muka sani. Mai son ganinta sai ya nausa fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda sashensu ke cikin Jihar Kano har 1991.

Madatsun da Gwamna Audu Bako ya assasa, har da tamu ta Tomas, sun ba mu noman rani, ba musu. Amma sun rage malalar da ke cika fadamun can. Sa'ad da Yarima Philip na Ingila ya je Dagona kallon tsuntsaye a 1989, Tiga ta shekara 15 tana tare ruwan.